Sharhi a Kan Ƙara wa Kwamfutar Wasa Ma'ajiya

Wani ɗan ƙanena, wanda ya yi shekara biyu yana tara kuɗi har ya haɗa wa kansa kwamfutar tebur domin wasanni, ya same ni a zaure bayan sallar Isha'i da wata mas'ala da ta dame shi. Ya ce, "Baffa, na'urar nan ta cika, duk sa'ad da na so ɗora sabon wasa sai na fara zaɓen wanda zan goge cikin tsofaffin, alhali kowannensu ya ci mini kuɗin data da kwanaki na jira kafin ya sauka." Ya riga ya je kasuwa, masu shago uku sun ba shi fatawa uku, kowa na yabon abin da ke cikin gilashinsa, ya dawo da ruɗanin da ya fi wanda ya tafi da shi. Da na lura cewa tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin samari masu irin wannan na'ura sun yawaita a garuruwanmu, sai na ga ya dace in warware ta a rubuce, gwargwadon abin da na sani.

Kafin a shiga hukunci, wajibi ne a bambance abubuwa biyu waɗanda jama'a kan haɗa su a suna guda. Akwai ram, wato tabarmar da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai a lokacin da take aiki, wadda ake naɗe ta da zarar an kashe wuta. Akwai kuma ma'ajiya, wato rumbun da wasanni da hotuna da takardu ke kwana a ciki ko da wuta ko babu. Maganarmu a kan rumbu take. Fa'idar wannan bambanci ita ce mutum ya san abin da kuɗinsa zai saya masa da abin da ba zai saya ba, gama wanda wasansa ke tafiya da ɗingishi saboda katin hotonsa ya tsufa, ko da ya sayi ma'ajiyar da ta fi kowace tsada a duniya, yawan hotunan da ke gilmawa a gabansa cikin daƙiƙa ba zai ƙaru ba. Abin da sabuwar ma'ajiya ke kawowa shi ne wuri, da gajarta jiran da ake yi kafin wasa ya buɗe, da raguwar tuntuɓen nan da akan gani a wasanni masu faɗin fili yayin da na'ura ke ƙoƙarin ɗebo sabon gari ko sabon daji daga rumbu alhali ɗan wasa yana tsakiyar gudu.

Dalilin cikar rumbun kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wasan Doom, wanda ya fito a 1993, 'yan megabayit kaɗan ne ya ishe shi. Amma Red Dead Redemption 2, da ya zo kwamfuta a 2019, gigabayit 150 masu shi suka shardanta, Baldur's Gate 3 na 2023 shi ma 150, Starfield, shi ma na 2023, 125, har wasan ƙwallon nan EA Sports FC 24 da yaranmu suka yi ta kwana a kansa yana neman 100. Wanda ke da ma'ajiya mai giga 500, bayan Windows ta yanki rabonta, wasa uku manya sun isa su rufe masa ƙofa. Abin lura a nan shi ne cewa Starfield da Baldur's Gate 3 ba wuri kaɗai suka nema ba, sun rubuta ƙarara cikin sharuɗɗansu cewa sai da SSD, wato sabuwar ma'ajiya marar faifai mai juyawa, kuma asalin wannan sauyi shi ne fitowar PlayStation 5 da Xbox Series X a ƙarshen 2020, waɗanda dukkansu da SSD aka ƙera su, har masu shirya wasanni suka daina la'akari da mai tsohon faifai. Abin da a da yake mustahabbi, yanzu ya shiga babin wajibi.

Tsohon faifan nan, wanda 'yan kasuwa ke kira had dis, duk wanda ya taɓa ganin garmaho ya fahimci aikinsa: faifai ne ke juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani hannu siriri da ke kai da komowa a kansa yana neman inda aka rubuta abin da ake so. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956, a wata na'ura mai faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta wajen tan guda, abin da take riƙewa kuwa haruffa miliyan 5 ne kacal. An yi ta ƙanƙanta shi ana ƙara masa ciki har ya kai inda yake a yau, amma aibinsa na asali bai rabu da shi ba, wato tilas hannun ya yi tafiya kafin ya karanta, wasa kuwa dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta ko ɗaya. Ƙananan ɗakuna ne na lantarki waɗanda ke tsare caji ko bayan an ɗauke wuta, dabarar da wani injiniya Bajapane, Fujio Masuoka, ya fito da ita a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. A 1991 an sayar da wata mai megabayit 20 a kan kimanin dala 1,000. Tazarar da ke tsakanin faifai da SSD wajen gano abu ta fi ninki ɗari, saboda haka hijira daga wancan zuwa wannan ita ce babbar riba, duk abin da ya biyo baya ƙari ne.

A nan ne saɓani ya taso tsakanin masu shaguna, a nan ne kuma nake so in daɗe. SSD iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai kama da ƙaramin akwatin ashana mai faɗi, ta inci biyu da rabi, wadda ake haɗa ta da waya biyu, ɗaya ta bayanai zuwa babban allon kwamfuta, ɗaya ta wuta. Wannan ita ake kira SATA, kuma iyakar gudunta kimanin megabayit 550 ne a daƙiƙa, ba don gazawarta ba sai don ƙuncin hanyar da take bi. Akwai kuma siririya mai kama da yankan cingam, wadda ake soka ta kai tsaye a wani gurbi da ke jikin allon, mai suna M.2, galibi faɗinta milimita 22 tsawonta 80, shi ya sa za ka ga an rubuta 2280 a kwalinta. Mafi yawan waɗannan sirara da ƙa'idar NVMe suke aiki, a kan hanyar PCIe, wadda take da tsararraki: ta uku tana kai wajen megabayit 3,500 a daƙiƙa, ta huɗu wajen 7,000, ta biyar kuwa har 14,000. Mai shago zai nuna maka waɗannan lambobi, ya ce dubi, wannan ta ninka waccan sau ashirin da biyar, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai kiyasin da yake so ka yi, cewa wasanka zai buɗe da sauri ninki ashirin da biyar, kiyasi ne ɓatacce, domin lambar da ke kwali gudun kwashe babban fayil guda ne a jere, buɗe wasa kuwa aiki ne na tsintar ƙananan abubuwa, da kwance su daga ƙunshin da aka matse su a ciki, da miƙa su ga katin hoto, kuma mafi yawan wannan wahala a wuyan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, take. Shi ya sa waɗanda suka gwada suka tarar cewa tsakanin SATA da NVMe, a yawancin wasanni, daƙiƙa ɗaya ce ko biyu ko uku, tsakanin tsara ta huɗu da ta biyar kuwa da ƙyar mutum zai gane ba tare da agogo a hannu ba.

Masu ra'ayin sayen mafi gudu suna da hujja guda wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Kamfanin Microsoft ya kawo wa kwamfuta wata dabara a 2022 mai suna DirectStorage, wadda manufarta ita ce a gajarta hanya tsakanin ma'ajiya da katin hoto, har katin ya riƙa kwance ƙunshin da kansa, kuma wasanni irin su Forspoken da Ratchet & Clank: Rift Apart sun yi amfani da ita. Suna cewa gobe ta masu gudu ce. Na yarda da rabin maganar, wato idan allonka yana da gurbin M.2 a buɗe, NVMe ta fi cancanta, musamman da yake farashinta da na SATA sun kusanci juna, ga shi ba ta bukatar waya. Amma tsallakawa zuwa tsara ta biyar domin wasa kawai, a ganina israfi ne, saboda tana da tsada, tana da zafi ƙwarai har wasu sai da ƙaramar fanka a kansu, kuma in allon naka na tsara ta huɗu ne ko ta uku, za ta yi aiki, amma da gudun allon za ta tafi, ka biya kuɗin doki ka samu tafiyar jaki.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata a fara yi tun kafin a taka kasuwa, wanda kuma ɗan ƙanen nawa bai yi ba: a buɗe murfin kwamfuta a duba, sa'an nan a nemi littafin babban allon a karanta, in ya ɓata a sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Gurbin M.2 nawa ne, nawa ne a buɗe, wace tsara kowanne yake ɗauka? Akwai gurbin da ke karɓar NVMe kaɗai, akwai mai karɓar duka biyu, gama cikin sirarran nan akwai waɗanda siffarsu ta M.2 ce amma aikinsu na SATA ne, ana gane su galibi da tsaga biyu a bakinsu maimakon ɗaya. Akwai kuma wani tarko da ya sha tayar wa mutane hankali: a wasu alluna gurbin M.2 na biyu yana tarayya da wasu ƙofofin SATA a hanya guda, da zarar ka soka sabuwar ma'ajiya sai ƙofa ɗaya ko biyu su mutu, mutum ya kunna na'ura ya tarar tsohon faifansa ya ɓace, ya ɗauka ya ƙona shi, alhali maganin bai wuce a mayar da wayar wata ƙofar ba. Wanda allonsa ba shi da gurbi ko kaɗan bai rasa mafita ba, ko ya ɗauki SATA hankali kwance, ko ya sayi ɗan katin da ake ɗora NVMe a kai a soka shi a ɗaya daga dogayen gurabun PCIe da ke ƙasan katin hoto.

Abin da ya fi gudu muhimmanci, amma ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a kwali, shi ne irin ɗakunan da ke ciki. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa ba a rubutu a kan rubutu, sai an wanke, kuma yawan wanki yana cin allo a hankali. Haka ɗakunan SSD suke, kowane goge da sake rubutu yana rage musu kwana. A farko kowane ɗaki ƙwayar bayani ɗaya yake riƙewa, sa'an nan aka mai da su biyu, sa'an nan uku, wanda ake kira TLC, sa'an nan huɗu, wanda ake kira QLC. Gwargwadon yawan waɗanda aka cusa a ɗaki, gwargwadon arha, gwargwadon kuma raguwar juriya da saurin rubutu. Kamfanoni sukan bayyana juriyar da lambar da suke kira TBW, wato adadin terabayit da suka lamunce a rubuta. Misali, Samsung 970 EVO Plus mai tera ɗaya, wadda TLC ce, 600 aka rubuta mata da garanti na shekara biyar, 870 QVO kuwa, wadda QLC ce, 360 da shekara uku. Kada wannan ya firgita kowa, domin wanda ke rubuta giga 50 kowace rana ta Allah, sai ya yi sama da shekara 30 kafin ya cinye 600, wasa kuma karatu ne mafi yawansa, karatu kuwa ba ya cin allo. Inda QLC ke nuna halinta shi ne ranar da ka zo kwashe babban wasa zuwa cikinta: tana da wani zaure mai sauri da take fara sauke baƙi a ciki, in zauren ya cika sai gudun ya faɗi, a wasu har ƙasa da na tsohon faifai. In bambancin kuɗin kaɗan ne, TLC ce zaɓina.

Game da girma, kada a sayi ƙasa da tera ɗaya, in da hali biyu, don SSD ba ta son a cika ta maƙil, ya kyautu a bar mata kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari domin ta sami wurin juya kayanta. Kuma kada wanda ya sayi tera ɗaya ya koma shago da faɗa don ya ga Windows ta nuna 931. Mudu biyu ne, masu ƙera ma'ajiya suna awo da 1,000, Windows tana awo da 1,024, hatsin bai ragu ba.

Faɗan da ya halatta shi ne na algus, kuma ya yawaita. Akwai ma'ajiyoyin jabu waɗanda ake sa musu tambarin sanannen kamfani, a shirya su yadda za su gaya wa kwamfuta cewa tera biyu ne alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, su karɓi kaya ba musu, sai ranar da aka zo nema a tarar babu. Ni kaina na taɓa faɗawa hannun wani mai sayarwa da irin wannan, arha ce ta ja ni, kuma ban gane ba sai da hotunan wani biki suka salwanta. Alamar farko farashin da ya yi daɗi fiye da kima. Tahkikin kuwa yana da sauƙi: wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw takan cika ma'ajiyar da rubutu ta sake karantawa, ta faɗi girmanta na gaskiya, wata kuma, CrystalDiskInfo, tana nuna sa'o'in da ta yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubuta mata da sauran lafiyarta, abin da ya zama tilas ga mai sayen ta hannu. A yi sharaɗi da mai shago tun kafin a biya, cewa za a gwada, in ta gaza a mayar, a kuma karɓi rasit.

Ɗorawar kanta ba ta kai wahalar da ake zato ba. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita, sa'an nan a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai, musamman a lokacin hunturu, sa'ad da bushewar iska ke sa jikin mutum ya tara lantarkin nan da kan yi tartsatsi in an taɓa ƙofar mota, wanda ya isa ya lalata ƙaramin kaya irin wannan. A soka siririyar a karkace, a kwantar da ita a hankali, a ɗaure da ɗan sukurunta ba tare da matsawa da ƙarfi ba. In allon yana da murfin ƙarfe mai shan zafi, a tuna a ɓare ledar da ke manne a cikinsa, gama mutane da yawa sun manta da ita. Bayan an kunna, sabon shiga yakan firgita don bai ga ma'ajiyar cikin jerin ba, alhali tana nan, ba a yi mata rajista ba ne kawai: a buɗe Disk Management, a zaɓi tsarin GPT, a yi mata fomatin da NTFS, a ba ta harafi, tare da lura ƙwarai kada hannu ya kuskure ya faɗa kan tsohuwar. Mai amfani da Steam sai ya shiga saitinsa, sashen ma'ajiya, ya ƙara sabuwar, daga nan ya iya ƙaurar da wasanninsa ba tare da sake sauke ko ɗaya ba. Idan Windows tana kan SSD tun da farko, a bar ta inda take. Idan kuwa a kan faifai take, to ita ce ta fi kowane wasa cancantar ƙaura, faifan ya koma rumbun fina-finai da wasannin da aka gama amma ba a son sake biyan kuɗin data a kansu.

Sauran abubuwa biyu sun shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya. Na farko zafi: yawancin SSD an ƙayyade musu aiki har zuwa digiri 70, in sun kusanci haka sukan rage gudu da kansu don kare rai, kuma ɗakin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙura ta toshe fanka, ga katin hoto yana hura mata wuta a kusa, ba ya bar mata tazara mai yawa, murfin ƙarfe da share ƙura lokaci lokaci sun wadatar. Na biyu ɗaukewar wuta ba sallama, domin SSD tana riƙe da wani kundi da ke nuna inda kowane abu yake, in wuta ta yanke tana tsakiyar gyara shi, akan yi hasarar fayil, wani lokaci, ko da yake ba safai ba, ma'ajiyar gaba ɗaya. Ƙaramar UPS, wato batirin ajiye wuta, wadda za ta ba ka minti biyar ka kashe na'ura da ladabi ta fi maka amfani nesa da bambancin tsara ta huɗu da ta biyar. A kuma sani cewa faifai yakan yi ƙara da gargaɗi kafin ajalinsa, ita kuwa SSD sau da yawa shiru take mutuwa, ceto abin da ke cikinta kuma yana da wuya ainun. Wasa ana sake samunsa, amma takardun makaranta da hotunan iyaye a ajiye kwafinsu a wani wuri dabam.

Da muka buɗe na'urar yaron nan muka tarar da gurbi na biyu a buɗe, na tsara ta huɗu, ba ya tarayya da kowace ƙofa. Na ce masa ya nemi NVMe mai tera biyu, TLC, ta kamfanin da aka sani, daga mai shagon da ya yarda a gwada, ragowar kuɗin da ya yi niyyar zubawa a tsara ta biyar kuma ya sayi UPS da su. Wannan ita ce fatawata ga duk mai irin halinsa, in kuɗin bai kai ba ya ɗauki mai tera ɗaya, in gurbin babu ya ɗauki SATA, amma kada ya biya ko kwabo kafin ya karanta littafin allonsa.